Tracy Chapman, 1988: faifan da bai ɗaga murya ba

Waƙa ta huɗu a faifan farko na mawaƙiyar Amurka Tracy Chapman ba ta da kiɗa ko kaɗan. Babu jita, babu ganga, babu 'yan amshi. Murya ce zalla, kuma ba ta cika minti biyu ba. Sunanta "Behind the Wall". Mai ba da labarin tana kwance a ɗakinta da tsakar dare, ta bayan bango tana jiyo ihun matar maƙwabci da hargagin mijin. Ba ranar aka fara ba. Ta san ko ta kira 'yan sanda ba abin da zai canza. In za su zo sai a makare, in sun iso kuma su ce su ba sa shiga tsakanin miji da mata. Sai wani dare ihun ya ɗauke ɗif. Ga motar asibiti a kan titi, ga ɗan sanda yana sallamar jama'a, wai kowa ya koma ya samu barci. Shi ke nan. Ba a faɗa maka ko matar ta rayu ba, ba a tsine wa mijin ba, ba a yi wa kowa wa'azi ba.

In ka saurare ta da na'urar kunne a inda babu hayaniya, har jan numfashinta za ka ji tsakanin layi da layi. A wurina wannan 'yar gajeriyar waƙa ita ce ƙofar shiga faifan, ko da yake ba ita ta yi suna ba. Ana yawan kiran faifan da na gwagwarmaya, ana jingina shi da juyin juya hali saboda waƙar da ta buɗe shi, "Talkin' 'bout a Revolution". Ni kuwa abin da ya hana shi tsufa a kunnena daban ne: matar nan ta iya ɗaukar mutum ɗaya tak, ta zaunar da shi a gabanka, ta faɗi abin da ya same shi, ta yi shiru. Duk inda ta yi haka faifan ya kai matuƙa. Inda ta koma yi wa duniya tambayoyi gaba ɗaya, nan ne ya ɗan yi sanyi.

Ya fito ran 5 ga Afrilu 1988 a ƙarƙashin kamfanin Elektra, kwanaki kaɗan bayan ta cika shekara 24. Waƙoƙi 11 ne, duka-duka kimanin minti 36. Sai ka tuna abin da kunnen Amurkawa ya saba da shi a lokacin kafin ka gane girman kasadar. Bad na Michael Jackson bai shekara a kasuwa ba, Faith na George Michael na tashe, su Guns N' Roses da Def Leppard suna neman fasa lasifika. Gangar inji ce ko'ina, ga tashar MTV da ta mayar da waƙa abin kallo kafin ta zama abin ji. Cikin wannan ƙyale-ƙyale sai ga hoton wata baƙar fata a bangon faifai, kanta a sunkuye, ko mai sayen ba ta kalla ba. Gaskiya dai Suzanne Vega ta ɗan share hanya a 1987 da "Luka", waƙar yaron da ake duka a gida, wadda ta nuna wa kamfanoni cewa mace da jita da labari mai ɗaci na iya shiga rediyo. Amma Vega farar fata ce daga New York. Irin Tracy ba a san akwatin da za a saka ta ba.

An haife ta a Cleveland ta jihar Ohio ran 30 ga Maris 1964. Iyayenta sun rabu tana ƙarama, mahaifiyar ce ta riƙe ta ita da yayarta. Cleveland garin masana'antun ƙarfe ne, kuma a daidai lokacin da take tasowa ya fara durƙushewa. Tana da shekara 2 aka yi tarzomar unguwar Hough. A 1976 kotun tarayya ta yanke hukunci cewa makarantun gwamnatin birnin suna raba yara bisa launin fata, abin da ya jawo shekaru ana ja-in-ja kan ɗibar ɗalibai a bas daga wannan unguwa zuwa waccan. A Disamban 1978 birnin ya kasa biyan bankuna bashin da suke bin sa, abin da wani babban birnin Amurka bai yi ba tun karayar tattalin arzikin shekarun 1930. Wanda ya san wannan ba zai yi mamakin layukan masu jiran tallafi da suka cika waƙar farko ba. Ba a littafi ta gan su ba.

Uwar, duk da ƙarancin abin hannu, ta saya mata ukulele, 'yar ƙaramar jita mai tsirkiya huɗu, tun tana shekara 3. Ta kai 8 ta koma jita ta fara haɗa nata waƙoƙin. Daga baya wani shiri mai suna A Better Chance, wanda ke ɗaukar yara masu ƙwazo daga gidajen marasa hali, ya kai ta makarantar Wooster da ke Danbury a jihar Connecticut. Ka duba tazarar: daga unguwar da ake lissafin kuɗin wuta zuwa aji ɗaya da 'ya'yan masu kuɗi. A can, tana 'yar sakandare, ta rubuta "Talkin' 'bout a Revolution". Daga nan sai Jami'ar Tufts kusa da Boston, inda ta karanta ilimin nazarin al'ummomi da al'adunsu, tana kuma waƙa a gidajen shan kofi da bakin titi a dandalin Harvard, masu wucewa na jefa mata abin da ya sauƙaƙa.

Wani ɗalibi ɗan'uwanta, Brian Koppelman, yana cikin masu matsa wa jami'ar lamba ta janye jarinta daga Afirka ta Kudu saboda wariyar launin fata. Yana neman wanda zai yi waƙa a gangaminsu aka nuna masa ita. Mahaifinsa, Charles Koppelman, babba ne a harkar haƙƙin mallakar waƙoƙi, kamfaninsa SBK. Ta wannan hanya ta isa Elektra a 1987. Abin da ke ba ni sha'awa shi ne yaƙi da wariyar Afirka ta Kudu ne ya buɗe mata ƙofar farko, shi ne kuma ya buɗe mata babbar bayan shekara guda.

Furodusan da ya ɗauki aikin David Kershenbaum ne, wanda ya taɓa aiki da Joan Baez da Joe Jackson. An naɗi faifan a situdiyon Powertrax da ke Hollywood cikin kusan mako takwas. Dabararsa ba ta da wahalar faɗa, aikatawar ce ke son haƙuri: murya da jitar Tracy su ne ginshiƙi, duk wanda zai shigo sai dai ya raɓa. Ya gwada makaɗa da dama kafin ya tsaya a kan Denny Fongheiser a ganga da Larry Klein a jitar bes. Shi Klein a lokacin mijin Joni Mitchell ne, ya san yadda ake bin mawaƙiya mai jita ba tare da an taka mata ƙafa ba. Ka saurari bes ɗin da kyau, sau da yawa sai ka neme shi kafin ka ji shi, amma da za a cire shi da waƙar ta faɗi.

To, sai "Fast Car".

Kaset ɗin da na fara jin ta a kai na yayana ne, irin wanda in ya cukurkuɗe ake zura biro a mayar da shi. Turancina a lokacin bai kai ya kamo komai ba, sai dai na lura akwai wurin da ganga ke shigowa da ƙarfi muryar ta tashi, can kuma komai ya lafa. Na ce, "Yaya, wai murna take yi ko kuka?" Ya ce, "Ke dai ji amshin, sannan ki kasa kunne ga abin da ya biyo bayansa." Bai ƙara ba.

Ga yadda aka gina ta. Jita ce ke buɗewa da wani ɗan salo da ake fizga da yatsu, an matse wuyan jitar a gaɓa ta biyu don sautin ya ɗan hau. Salon gajere ne, yana zuwa ƙarshe ya koma farko, ya sake, ya sake, ba ya zuwa ko'ina. Waƙar mota mai gudu ce, amma kiɗan a wuri ɗaya yake zagaye. A kan wannan zagayen mai labarin ke magana da saurayinta. Tana aiki a ƙaramin kanti, ta ɗan tara wani abu, shi yana da mota, me zai hana su tsallaka birni su nemi aiki? Sai ta faɗi dalilin da ya sa take son gudu. Ubanta mashayi ne, giya ta ci jikinsa, ba ya iya aiki. Uwarta ta gaji ta yi tafiyarta. Dole wani ya kula da tsohon, don haka ita ta bar makaranta. A layi ɗaya ta faɗi wannan na ƙarshe, ba ta ja shi ba, ba ta nemi a tausaya mata ba, kamar mai faɗin ranar da ake ciki.

Baiti uku ake yi kafin amshi ya zo, kusan minti biyu ke nan. Duk wanda ya san yadda rediyo ke son waƙa ya san wannan ganganci ne, domin an fi son amshi ya iso kafin mai sauraro ya murɗa tasha. Amma jinkirin ne ya ba shi ƙarfi. Idan ya zo, ganga ta faɗo, jita ta buɗe, sai ka ji kamar an zuge gilashin mota iska ta shigo. Tana tuna wani dare da suke tafe a guje, fitilun birni shimfiɗe a gabansu, hannunsa a kafaɗarta, ta ji ita ma mutum ce, ita ma za ta iya zama wani abu. Sai dai ka lura, tunawa take yi. Wurin da ya fi ko'ina haske a waƙar ya riga ya wuce tun kafin ta buɗe baki.

Abin da Yaya ya ce in kasa wa kunne shi ne sauran. Sun isa birnin. Shi har yanzu ba aiki, ita tana karɓar kuɗi a kanti, suna kwana a gidan da ake ajiye marasa matsuguni, tana lallashin kanta cewa za a ƙara mata girma, za su sayi gida a unguwa mai kyau. Amshi ya dawo. A baiti na ƙarshe ta samu aikin da ke biyan duk buƙatun gida, ga 'ya'ya, shi kuwa yana mashaya har dare ya raba, abokansa sun fi 'ya'yansa ganinsa. Wato ta gudu daga gidan mashayi ta faɗa gidan mashayi. Da farko shawarar tafiya ta su biyu ce. A ƙarshe shi kaɗai ta bar wa: ya ɗauki motarsa ya ƙara gaba, ita ba inda za ta.

Kuma amshin bai canza ko kalma ɗaya ba daga farko har ƙarshe. Abin da ke kewaye da shi ne ya canza, har daɗin da ke cikinsa ya koma ciwo. Ban san waƙoƙi da yawa da suka yi wannan aikin cikin ƙasa da minti biyar ba. Abin da ya fi burge ni, ba ta mayar da yarinyar waliyyiya ba. Ita ce ta zaɓi mutumin, saboda motarsa ma, kuma ta san hakan. Ba ta kuma mayar da talauci wani abin ado ba. Ta nuna shi yadda yake: ka yi duk abin da aka ce ka yi, ka yi aiki, ka yi tanadi, ka riƙe iyali, ka waiwaya ka ga taku ɗaya ka yi.

Faifan yana tafiya a hankali a kasuwa har ran 11 ga Yuni 1988. A ranar aka yi babban taron kaɗe-kaɗe a filin wasa na Wembley da ke Landan don cikar Nelson Mandela shekara 70, yana tsare tun 1962. Mutum kusan 72,000 a filin, ana watsawa kai tsaye zuwa ƙasashe fiye da 60, ban da Afirka ta Kudu da gwamnatinta ta hana. Manya duk sun hallara: Sting, Whitney Houston, Dire Straits, Miriam Makeba, Hugh Masekela. Tracy ƙaramar baƙuwa ce. Da rana ta hau ta yi waƙoƙi uku, har da "Behind the Wall" ba kiɗa a gaban wannan taro, ta sauka. Can anjima lokacin Stevie Wonder ya yi, sai aka nemi ma'ajiyar kwamfutar da ke ɗauke da kiɗansa aka rasa. Ya ce ba zai iya hawa ba. Dandamali ya zama wayam, duniya na kallo. Wa za a tura wanda ba ya buƙatar a haɗa masa komai? Mai jita ɗaya.

Bidiyon yana nan a intanet, kuma ya cancanci a kalla. Jama'a na ta hayaniya, wasu na rera nasu abin, ba ita suke jira ba. Ta fara salon jitar. Layukan farko muryarta na rawa, kana ganin tsoro ƙarara a fuskarta. Ba ta yi wa taron kirari ba, ba ta ce a tafa ba, ba ta ƙara ƙarfin murya don ta danne su ba. Ta ci gaba kawai. Kafin ta kai tsakiya filin ya nutsu. Bayan "Fast Car" ta ƙara da "Across the Lines". Cikin 'yan makonni faifan ya hau matsayi na ɗaya a Birtaniya, a watan Agusta ya hau na ɗaya a Amurka, "Fast Car" kuma ta kai ta shida a jadawalin Billboard. Zuwa yau an sayar da fiye da kwafi miliyan 20.

Masu cewa rabon kwaɗo ba ya hawa sama suna da abin faɗa a nan, ban musa ba. Da na'urar Stevie Wonder ba ta ɓace ba, wataƙila da labarin ya ɗauki wata hanya mai tsawo. Sai dai sa'a dandamali kawai ta ba ta. A cikin taurarin da ke bayan fage ranar, nawa ne za a iya cewa su fito nan take, ba makaɗa, ba inji, su riƙe mutum 72,000? Shekarun da ta yi tana waƙa a bakin titi, inda ba wanda ya biya kuɗin shiga kuma ba wanda ya zama dole ya tsaya, su ne suka yi mata rana.

"Across the Lines" ta dace da wannan taro fiye da yadda ake zato, ko da yake Amurka take nufi. Gari ne da layin dogo ya raba, farare a nan, baƙaƙe a can. An ci zarafin wata ƙaramar yarinya baƙar fata, jarida ta buga, tarzoma ta tashi, an kashe samari baƙaƙe biyu, wani farar fata ya makance. Ana ta lissafin asara, ita yarinyar da abin ya faro a kanta ko sunanta ba wanda ya sani. Nan ma dabarar ɗaya ce. Ta bar taron ta nemo mutum ɗayan da aka manta.

Waƙar da ta rufe gefen farko, "Baby Can I Hold You", ta soyayya ce, a kan mutumin da shekaru suka wuce bai iya furta kalmomi masu sauƙi ba: ban haƙuri, neman gafara, faɗin so. Ita ce aka fi maimaitawa bayan "Fast Car", har Boyzone suka yi tasu a 1997 suka zuba mata zuma fiye da kima. Waƙoƙi biyar ɗin nan na gefen farko, a jere yadda suke, ban ga inda zan sa wuƙa ba.

Gefe na biyu ne muke 'yar jayayya da masoyan faifan. "Mountains o' Things" tana da ra'ayi mai kaifi: talaka na mafarkin dukiya, ta san da gumin wasu ake tara ta, amma duk da haka tana so, har tana hango kabarin da zai ɗauke ta da tarkacenta. Wannan gaskiya ce da masu waƙar gwagwarmaya ba su cika faɗa ba, cewa wanda aka zalunta ma yana kwaɗayin abin da ke hannun azzalumin. Sai dai kiɗan madannai da aka yi mata ado da shi shi ne wuri ɗaya da za ka ji ƙanshin shekarun 1980 ya buso. "She's Got Her Ticket" ƙanwar "Fast Car" ce da salon rege, yarinyar da ta samu tikiti za ta tafi ba waiwaye. Tana da daɗi, amma tunda ba a bi ta an ga inda ta sauka ba, ba ta kama ni kamar yayarta.

"Why?" ita ce ta fi rauni a ganina. Jerin tambayoyi ne: me ya sa jarirai ke mutuwa da yunwa alhali abinci ya ishi duniya, me ya sa mace ba ta da aminci ko a cikin gidanta. Duk gaskiya ne, amma wa zai musa? Waƙar da kowa ya yarda da ita tun kafin a gama ba ta motsa kowa. Wuri ɗaya ne ta yi cizo, inda ta tambayi dalilin kiran makamai masu linzami masu kiyaye zaman lafiya. Wannan ba ƙirƙira ba ce: gwamnatin Ronald Reagan ta raɗa wa makamin nukiliyarta na MX suna Peacekeeper, aka fara girke shi a 1986. Kwatanta ta da "Behind the Wall". Dukansu sun taɓo matar da ba ta tsira a gidanta ba. Ɗaya ta yi tambaya, ɗayar ta sa ka kwana a ɗakin da ke maƙwabtaka. Ko "Talkin' 'bout a Revolution" ma, alƙawarin da ta yi cewa talakawa za su tashi su karɓi rabonsu ba shi ne ke riƙe ni ba, shekaru sun nuna abin bai zo da sauƙi haka ba. Layukan nan ne, na tallafi da na marasa aiki, da kuma cewar da ta yi maganar juyin a raɗa ake yin ta.

"For My Lover" kuwa tana da ban tsoro, in ka tsaya ka ji. Mace ce ta yi mako biyu a kurkukun Virginia, an sa belinta dala 20,000, duk saboda masoyi, kowa na ce mata ta haukace, ita kuma tana ganin su ne ba su gane ba. Tracy ba ta ce mata ta yi daidai ba, ba ta ce ta yi kuskure ba. "If Not Now" na kan wuce ta. "For You" ta rufe faifan da murya da jita kaɗai.

Akwai wani abu da ya biyo bayan nasarar wanda ba shi da daɗin faɗa. Mafi yawan masu sayen faifan da masu cika wuraren wasanta farare ne, gidajen rediyon baƙaƙen Amurka kuma ba su rungume ta sosai ba. Shekarar ce Public Enemy suka fitar da faifansu na biyu, fushin unguwannin baƙaƙe ya samu sabuwar murya mai amo, jita mara lantarki kuwa ana mata kallon kayan farare. Wannan kallon mantuwa ce. Kafin Bob Dylan da Joan Baez akwai Odetta, wadda su biyun suka ce ta yi musu tasiri. Akwai Lead Belly, akwai Elizabeth Cotten, akwai Richie Havens da ya buɗe bikin Woodstock a 1969, dukansu baƙaƙen fata masu jita. Tracy ba aro ta yi ba, gadon gidansu ta ɗauka.

Kafin shekarar ta ƙare ta zagaya duniya tare da Bruce Springsteen, Sting, Peter Gabriel da Youssou N'Dour a rangadin ƙungiyar Amnesty International, har Harare da Abidjan. A Fabrairun 1989 ta karɓi lambobin Grammy uku, ciki har da ta sabuwar mawaƙiya mafi fice. "Fast Car" na cikin jerin masu neman waƙar shekara, amma ba ta samu ba. Wadda ta cinye ita ce "Don't Worry, Be Happy" ta Bobby McFerrin, mai cewa a daina damuwa a yi farin ciki. Ba ni da faɗa da McFerrin, gwani ne na gaske. Amma duk lokacin da na tuna cewa an ajiye waƙoƙin nan biyu a gaban masu zaɓe a ƙarshen mulkin Reagan suka ɗauki waccan, sai na yi dariya.

Ta yi faifai bakwai bayan wannan. Crossroads na 1989 na ɗauke da "Freedom Now" da ta sadaukar ga Mandela, "Give Me One Reason" ta 1995 ma ta yi tashe sosai. Tun Our Bright Future na 2008 ba ta sake fitar da sabo ba, ba ta cika hira da 'yan jarida ba, rayuwarta kuma ta rufe ta ruf. Sai a 2023 Luke Combs, mawaƙin kiɗan country, farar fata daga North Carolina, ya sake rera "Fast Car". Ta kai ta biyu a Billboard, ta wuce inda ta asali ta tsaya. A Nuwamban shekarar ƙungiyar masu kiɗan country ta Amurka, CMA, ta ba ta lambar waƙar shekara, Tracy ta zama baƙar fata ta farko da ta karɓi wannan lambar, shekara 35 bayan fitowar waƙar. A Fabrairun 2024 suka rera ta tare a bikin Grammy, gashinta ya yi furfura, jitar na nan a hannunta.

Na yaba wa Combs abu ɗaya: bai taɓa labarin ba, har wurin da mai maganar ke kiran kanta yarinya mai karɓar kuɗi a kanti ya bar shi yadda yake. Amma muryarsa cikakkiya ce, ta mutumin da ya ƙoshi, idan ya kai amshi sai ka ji kamar da gaske motar za ta kai su. A bakin Tracy tun layin farko akwai gajiya. Shi ya sa in na ga dubban mutane a wasansa sun ɗaga hannu suna rera amshin da murna, nakan so in san ko suna tsayawa su ji baiti na ƙarshe.

Ba kowa take bari ya taɓa waƙoƙin nan ba. Sananne ne a harkar cewa ba ta yarda a yanki wani ɓangare na waƙarta a dasa a wata. A 2018 Nicki Minaj ta gina wata waƙa a kan "Baby Can I Hold You", aka nemi izini, Tracy ta ce a'a. Aka cire waƙar daga faifan Minaj, amma sai ga ta a wani gidan rediyon New York, daga nan ta bazu a intanet. Tracy ta kai ƙara kotu. A farkon 2021 maganar ta mutu bayan Minaj ta amince ta biya dala 450,000, a kan waƙar da ko sayar da ita ba a yi ba.